Sunayen da babu su a salsalar gidanmu

Salsalar gidanmu tana rataye a zauren Baffa tun ina yarinya, cikin firam mai gilashi. Can sama sunan kakan kakanmu ne, malamin da ya baro ƙauye ya zauna cikin birnin Kano, daga shi kuma rassa suka yi ta saukowa: wane ya haifi wane, wane ya haifi su wane. Maza zalla, sai ka ce su suka riƙa haihuwar junansu. Da kwamitin zumuncin dangi ya tsai da shawarar a sabunta ta, a buga ta littafi a raba a taron bayan Babbar Sallah, sai na ce to wannan karon a sa mata. Ba wanda ya musa. Baffa dai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke da kika kawo maganar, sai ki nemo su." Haka aikin ya faɗo a kaina.

Wajen Gwaggo na fara, ƙanwar kakanmu, wadda duk gidan babu wanda ya kai ta shekaru. Lokacin samunta hantsi ne, bayan ta karya ta ɗan miƙe ƙafa, kafin barcin azahar ya fara fizgarta. Ina zuwa mata da goro da turaren wuta, mu zauna a tabarma. Muddin ta ga biro da takarda sai bakinta ya mutu, ta ce ita ba a gaban alƙali take ba. Don haka na nemi izininta na riƙa ajiye waya a gefen tabarma tana ɗaukar magana, rubutu sai na koma gida.

Tambaya kai tsaye ba ta haifar da komai a wajen tsohuwa. In na ce, "Gwaggo, yaya sunan kakarku?" sai ta harare ni ta ce, "Kishiya, yaushe muka fara wasan nan da ke? Ni zan kama sunanta?" Alkunya ce, kuma ba za ta karya ta saboda littafina ba. Ba ta faɗar sunan mijinta, ba ta faɗar na surukarta, ba ta faɗar na ɗanta na fari, balle na matar da ta goya ta. Amma in na tambaye ta wa ya yi mata kitson aure, ko a ɗakin wa ta yi wankan jegon fari, ko wa ya ba ta tasar tagullar da ke ƙarƙashin gadonta, sai zance ya ɓalle har a kira sallah. Sunan kuwa sai ta kewaye shi, ta ce "mai sunan Ummi ta gidan Kawunku," ko "mai sunan Nana ƙarama."

A nan na gane inda rajistar matan gidanmu take. Tana jikin yaranmu. Duk wata Ummi da Mama da Nana da Walida da ke yawo a tsakar gidajen dangi, sunan wata tsohuwa aka mayar mata, aka sakaya shi don kada a riƙa kiran sunan uwa ko kaka gatsal a gaban manya. Sai na bi iyayen yaran ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: mene ne sunanta na yanka, kuma sunan wa aka mayar? Wasu sun amsa nan take. Wasu sai da suka buga wa surukansu waya. Cikin ɗan lokaci sunaye suka taru fiye da yadda na zata.

Tarin sunan kuma ya zo da nasa rikicin. Indo da Shatu duk A'isha ce. Dije Hadiza ce, Abu Zainabu, Kulu Hauwa, Binta Fatima. Ga sunayen rana, su Ladi da Talatu da Lami da Jummai da Asabe, waɗanda ba su gaya maka komai sai ranar da aka haifi mace. Ga su Gambo mai bin tagwaye, da Kande da aka haifa bayan maza, da Auta. Mace ɗaya sai ta fito da suna uku a bakin mutum uku, ko kuma mata biyu su haɗe su zama ɗaya saboda sunansu guda kuma a ɗaki ɗaya suka zauna, ɗaya bayan rasuwar ɗaya. Aiki ne irin na tsince tsakuwa daga shinkafa, ba a yinsa da gaggawa. Na yanka kwali na yi wa kowace mace kati nata: sunan yanka, laƙabi, wa ta haife ta, wa ta riƙe ta, gidajen da ta yi aure, sana'arta, sannan a ƙasa wanda ya gaya mini. Layin riƙo ya fi kowanne wuya. A gidajenmu yarinya takan tashi a hannun gwaggo ko inna ko kishiyar uwa, ta kira ta uwa har ta mutu, 'ya'yanta ma su tashi a kan haka. Tambayar "ita ta haife ta ko riƙo ne" ba a yinta a cikin mutane, sai an keɓe, kuma da murya ƙasa-ƙasa.

Shekaru kuwa ba wanda zai ba ka su da lamba. Gwaggo da sarakuna take lissafi, da yunwa, da abin da ya girgiza gari. Sai na rubuta jerin sarakunan Kano a bangon littafina: Alu har zuwan Turawa a 1903, Abbas daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Sanusi zuwa 1963. Na ƙara da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, yunwar 1914, yunwar 1927 da tsofaffi ke kira 'Yar Buhu, yaƙin Hitila, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, da canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973. In Gwaggo ta ce wance ta rasu "Sarki Alhaji na da rai amma ya tsufa," wato Abdullahi Bayero, na san inda zan ajiye ta. Abin da na rubuta a kati shi ne tazara, tsakanin shekara kaza da kaza, ban taɓa ƙaƙaba wa kowa ranar haihuwar da ba ta da ita ba. Wasu daga cikin waɗannan shekarun a Gidan Ɗan Hausa na tabbatar da su, wasu a laburaren Arewa House da ke Kaduna.

Takardun harajin zamanin En'e magidanta maza suke bi, don haka ban sa rai da su ba. Takardar da ba ta iya tsallake mace ita ce ta rabon gado. Shari'a ta yanka wa matan mamaci tumuni in ya bar 'ya'ya, ta ba uwa sudusi, ta ba 'ya mace rabin rabon ɗan'uwanta namiji, saboda haka dole alƙali ya lissafa kowace da sunanta kafin ya raba ko da tsinke. Na roƙi Baffa ya buɗe mini adakar ƙarfen da ke ɗakinsa. A ciki akwai gafakar Malam da Alƙur'aninsa warƙa-warƙa, da wasu takardu naɗe cikin tsumma, gara ta ɗan taɓa gefensu. Larabci ne gauraye da ajami, da irin rubutun nan na da wanda ba kowane mai karatun Islamiyya ke iya fitar da shi ba. Na ɗauke su hoto, na kai wa wani dattijon malami a unguwarmu wanda mahaifinsa muhuti ne a kotun alƙali, shi ma a gindin irin waɗannan takardu ya tashi.

Ta farko da ya karanta ta sayen gida ce. Gidan nan da duk muke kira Gidan Malam, wanda aka haifi kakanninmu a ciki, rabinsa na gabas ba Malam ya saya ba. Sunan mai saye sunan mace ne, wance 'yar wane, shaidu kuma mai unguwa da liman. Uwargidansa ce, wadda dangi ke kira Iya Babba. Kuɗin da aka ambata da fam da sule ne, ba da wuri ba, abin da ya nuna cinikin bayan zuwan Turawa aka yi shi, ga kuma sunan Sarki Abbas a wajen kwanan wata. Da na koma wa Gwaggo da wannan, ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "To da wa kike zato ya saya? Malam da allo da tawada?" Sannan ta kwance mini labari. Iya Babba mai man gyaɗa ce. Bayan jirgi ya iso, fataucin gyaɗa ya buɗe daga 1912, gyaɗa ta cika gari, ita kuma ta mai da tsakar gidan wurin aiki. Mata na suya, wasu na murza suna fecewa, wasu na daka, ita tana kan turmi tana zuba ruwan zafi tana juyawa har mai ya taso, a matse, tunkuzar a murza ta ƙuli-ƙuli. 'Yan talla su ɗauka su nufi Kasuwar Kurmi. Ita ce kuma uwar adashin unguwa. Duk wannan tana cikin kulle, ba ta taka ƙofar gida da rana ba. Kangon da ke jikin gidan ta saya, ta sa aka fasa katanga aka haɗe. Ni abin da ya tsaya mini shi ne kowace tsohuwa a dangi ta san wannan labari, amma ko ɗaya daga cikin mazan kwamiti bai taɓa jin sa ba.

Takarda ta biyu ita ce ta gadon Malam kansa, zamanin Sarki Usman. Dattijon yana karantawa yana fassara mini, har ya zo wani wuri ya tsaya, ya sake bin layin da yatsa. Mata uku ne suka raba tumuni. Amma da aka zo lissafin 'ya'ya, ɗaki huɗu aka jera, kowane da sunan uwarsa. Na ce, "Allah gafarta Malam, ko ta huɗun ta riga shi rasuwa ne, ko ya sake ta?" Ya ce a'a, ga abin da aka rubuta a gaban sunanta, ummu waladi. Wato sa-ɗaka ce, ƙwarƙwara. Ba ta gado a matsayin matar aure, amma 'ya'yanta 'ya'ya ne kamar kowa, rabonsu daidai da na sauran, ita kuma ta sami 'yanci ranar da ubangidanta ya rasu.

Gwaggo ta san ta sarai, don sai shekarar da Sarauniya ta zo ta rasu. Inna ta Kudu ake ce mata, saboda ɗakinta ne a kudancin tsakar gida. An kawo ta Kano tana ƙaramar yarinya zamanin Alu, bayan Yaƙin Basasar Kano, daga wajen duwatsun Ningi, inda aka daɗe ana kai hari ana kawowa tsakanin Kanawa da mutanen can. Tsagar fuskarta daban ce da ta kowa a gidan. In tana niƙa takan yi wata waƙa da harshen da ba wanda ke ji, in yara suka tambaye ta ma'anarta sai ta kore su. Ita ce ungozomar unguwar baki ɗaya, ita ta yanke wa Gwaggo cibi. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne ba bawa ba, bautar kanta kuma ba a soke ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Wato Inna ta Kudu ta ga farkon abin ta ga ƙarshensa a cikin gida ɗaya.

Ta ukun da na bi sawunta ba a takarda na same ta ba, a baki take, kuma ita kowa ya fi son ba da labarinta. 'Yar Iya Babba ce, Hajiya ta Gabas. Shekarar 'Yar Buhu ta bi mijinta suka shiga ayarin masu tafiya Makka a ƙasa, da jaki ɗaya da goyo a baya. Hanyar sananniya ce: Maiduguri, Dikwa, a haye kogi zuwa Fort Lamy wadda yau ake kira Injamena, sai Abeche, a shiga Sudan ta Janaina, Fashir, har Ubayyid inda layin dogo ya tsaya. Ba tafiyar wata ɗaya ko biyu ba ce. Ana tafiya ana tsayawa a yi noma ko ƙodago a sami guzuri. Mijin ya rasu a hanya kafin su kai Fashir. Maimakon ta juyo, sai ta ci gaba da ayari. An gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suna neman hannu, mutanenmu kuma su ne 'yan tsinka. Nan ta zauna shekaru tana tsinkar auduga tana sayar da soyayyar gyaɗa, har ta tara kuɗin haye Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Ana cikin yaƙin Hitila ta dawo Kano, bayan an daɗe da fid da rai. Ita ce mace ta farko a danginmu da aka kira Hajiya. Gwaggo ta ce har ta mutu, bayan canjin kuɗi, in ranta ya ɓaci da Larabcin Sudan take faɗa, kuma ba ta yarda da shayin kowa sai wanda ta dafa da kanta.

Goyon nan da ta tafi da shi mace ce, kuma ba ta dawo ba, an aurar da ita a can. Ta hannun wani ɗan'uwa mai zuwa Umra muka sami lambar jikokinta. Asalin zamansu kusa da Mai Wurno ne, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, daga baya suka koma Wad Madani. Mun yi ta musayar saƙon murya a WhatsApp, Hausarsu da ɗanɗanon Larabci, suna kiran sunayen da ke cikin katunana ba tare da na faɗa musu ba. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya iso Wad Madani a ƙarshen shekarar, suka watse. Wadda ta fi ba ni labari yanzu tana Port Sudan da 'ya'yanta.

Ta huɗu ita ce ta mai da ni ɗakin kudu. An buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina a 1930, kuma shekaru da yawa bayan haka iyaye ba su ɗauki boko abin arziki ba, balle ga 'ya mace. Da mai unguwa ya zo gidanmu neman yarinya guda, Gwaggo ta ce ita a bayan randa aka ɓoye ta aka rufa mata tabarma. Wadda aka miƙa jikar Inna ta Kudu ce, sa'ar Gwaggo. Ba sai an faɗa ba, an zaɓi ɗakin da ba shi da bakin musu. Mata suka yi ta koke-koke. Yarinyar ta gama, ta wuce makarantar horon malamai mata ta Kano, ta fito malama. Ta koyar da matan aure karatu da rubutu a azuzuwan Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, tana bi gida-gida saboda masu kulle. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai 1976, kuma a zaɓen 1979 tana cikin malaman da aka sa aikin rumfar mata. Rabin 'yan bokon danginmu a gidanta suka zauna suka yi makaranta, har da mahaifina. Sunanta kuwa babu shi a firam ɗin zaure, sai na ƙannenta maza.

Da na kai wa kwamiti abin da na tara, labarin Iya Babba da na Hajiya ta Gabas sun wuce da tafi. A kan Inna ta Kudu aka tsaya. Wani kawunmu daga ɗakin ya ce shi bai yarda a buga ba. Yana da 'yan mata da ba su yi aure ba, kuma duk mun san har gobe akwai gidajen da in an zo neman aure sai sun aika a binciko asali. Ban ga laifinsa ba, don ba shi ya ƙirƙiro halin mutane ba. Wani malami a cikinmu ya kawo Hajara uwar Annabi Isma'ila, da Mariya uwar Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce sarakunan ƙasar nan da yawa ma 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne kuma ba wanda ya rage musu komai. Ni kuma na ce rubuta sunan mace don a yi mata addu'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi wa mata marsiyya da sunayensu, har da maƙwabta da malaman 'yan taru, wato ƙungiyarta ta karantar da mata, waɗanda ba 'yan sarauta ba. Baffa ya saurari kowa, sannan ya ce maganar ta mutanen ɗakin kudu ce, su je su shawarta su kawo amsa.

Amsar da suka kawo rabi da rabi ce. A sa sunanta na yanka, a sa cewa daga ƙasar Ningi take, a sa ungozomancinta da 'ya'yanta da jikokinta, amma kalmar da ke cikin takardar alƙali kada ta shiga littafi. Babbar 'yar marigayiya malama ta so a rubuta komai, aka rinjaye ta. Ni ma ra'ayina ke nan, domin duk mai hankalin da ya ga yarinya daga Ningi a gidan malamin Kano zamanin Alu ya san yadda aka yi ta zo, ɓoyewar ba ta ɓoye komai ba. Amma ba ni za a yi wa gori ba, don haka na bi abin da suka ce. Cikakken bayanin, da hoton takardar da fassararta da muryar Gwaggo, na zuba su a filashi guda biyu, ɗaya a adakar Baffa, ɗaya a hannun 'yar malama.

Sai matsalar tsari. Mai zanen da ke mana aiki a kwamfuta ya gwada cusa matan a cikin bishiyar, abin ya ƙi zama. Mace takan fito daga wani gida ta shigo namu, ko ta fita daga namu ta haihu a gida biyu ko uku, ga auren zumunci da ke sa layi ya koma inda ya fito. A ƙarshe muka bar bishiyar yadda take, muka ƙara sunan uwa a ƙarƙashin sunan kowane namiji, 'yan'uwansa mata kuma a jere da shi bisa tsarin haihuwa. Sannan kowace mace da aka sami labarinta aka ba ta shafi nata, a ƙasan shafin an rubuta daga bakin wa aka ji. Inda ruwaya biyu suka saɓa, duka biyun muka sa, kowace da mai ita. Shafuka suka ƙaru, kuɗin ɗab'i ya haura abin da aka tara, sai matan dangi suka yi karo-karo a zaurensu na WhatsApp suka cike giɓin.

Tun ranar da aka raba littafin waya ba ta huta ba. Wata inna daga Zariya ta kira ta ce an sa kakarta a ɗakin da ba nata ba, riƙo ne, uwarta ta haihuwa Bagobira ce daga wajen Maraɗi, ta kuma ba ni sunan wata tsohuwa a can da za ta iya ba da sauran labarin. Kwamiti ya ce a tara irin waɗannan gyare-gyare zuwa bugu na biyu, an kuma ɗora wa sakatare aikin rubuta cikakken sunan uwa da na kakar da aka mayar a duk sunan da za a raɗa a dangi daga yanzu.